Kafin Mu Sayar Da Bijimi Don Karatun Yaro

Tun da aka rufe gadar Malanville da Gaya bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, muka gane cewa abin da manya suka sa wa hannu a Abuja ko Yamai shi ke hana tirelarmu motsi. Don haka idan yaro ya ce zai karanta hulɗar ƙasa da ƙasa, kada mu hana shi. Muna bukatar namu a wurin da ake yanke irin wannan hukunci.

To amma ina za a kai shi? Mu da ba ma sayen saniya sai mun buɗe baki mun duba haƙori, bai kamata a ruɗe mu da kyan gini ba. Akwai masu yawo suna tallar makarantun kuɗi na Kwatano, wai da Turanci ake koyarwa, wai digiri cikin ɗan lokaci. Dillalai ne, la'adarsu suke nema, ai mun san sana'ar. A Janairun 2024 Nijeriya ta dakatar da tantance takardun digiri na Benin da Togo, bayan wani ɗan jarida ya samo digiri a Kwatano cikin mako shida. A Agustan shekarar ta ce jami'o'i biyar kaɗai ta yarda da su a Benin, cikinsu har da Abomey-Calavi da Parakou. Ku tuna iyayen da suka sayar da shanu a banza.

Ra'ayinmu, a nemi jami'ar gwamnati. Yaron da ya ci BAK da Faransanci ya gwada ENAM ta Abomey-Calavi, inda ake koyar da diflomasiyya, sai dai shigarta da wuya. Wanda ya yi boko da Turanci, ga Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, tana da wannan fannin, kuma da wuya a rasa ɗan'uwa a can da zai sa masa ido.

Kuɗin rajista ba shi ne nauyin ba. Hayar ɗaki ce, da abinci, da kuɗin mota. Kwatano ta fi kilomita 700 daga nan. A lissafa na dukan shekarun tun kafin a kai bijimi kara. Sannan a tambayi shugabannin makarantar ƙiri-ƙiri: takardarku, wace ƙasa ce ke karɓarta? In suka fara kame-kame, a tashi.