Mai Koyon Ba Da Shawara Ma Yana Bukatar Mai Duba Shi

A watan Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958. Doka ta samu, amma ma'aikata sun yi kaɗan. Likitocin ƙwaƙwalwa a Nijeriya ba su kai 300 ba, ga jama'a fiye da miliyan 200.

Mu da ke yankin Kura da Bunkure mun san inda nauyin yake sauka. Ruwan madatsar Tiga ya kawo mana noman rani na shinkafa da alkama da tumatir, amma ya zo da bashin taki da faɗuwar farashi. A 2016 tsutsa ta cinye gonakin tumatir a Kadawa da kewaye. Ga kuma shaye-shaye: binciken ƙasa na 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 na ta'ammali da miyagun ƙwayoyi. Manomin da bashi ya hana barci, da uwar da ɗanta ya kama ƙwaya, ba asibitin Dawanau suke fara zuwa ba. Wurin na kusa suke zuwa: fasto, malamin makaranta, ko ɗalibi mai koyon aikin ba da shawara.

To, wa ke duba wannan ɗan koyo? A ƙa'idar aikin, ana haɗa shi da gogagge da za su riƙa zama a kai a kai. Zai kawo matsalolin da ya saurara ba tare da bayyana sunan kowa ba, a gyara masa kuskure, a nuna masa lokacin da magana ta fi ƙarfinsa. Wanda ya ambaci kashe kansa, ko yake jin muryoyin da ba kowa ke ji ba, likita ya kamata a kai shi nan take. Gogaggen zai kuma tambayi ɗan koyon yadda zuciyarsa take, domin mai sauraron kukan mutane kullum yakan gaji har ya daina ji.

'Yan'uwa, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kafin majalisar ikilisiya ta ɗora wa matashi wannan aiki, ta fara samo masa mai duba shi, ko da ta waya ce daga Kano, ta kuma ware kuɗin motar kai marar lafiya asibiti.