Ra'ayinmu: A fitar da haziƙan ɗalibai fili, amma ba sai an kai su Yankari ba

Tun 1977 da tsohuwar Jihar Kano ta buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu, aka amince cewa yaron da Allah ya ba kaifin ƙwaƙwalwa yana buƙatar kulawa ta daban. Daga baya aka yi ta 'yan mata a Taura, gwamnatin tarayya ta kafa makarantar haziƙai a Suleja, Jigawa ma ta gina tata a Bamaina. Inda har yau bakin iyaye da malamai bai zo ɗaya ba shi ne batun fitar da waɗannan yara daga aji, a kai su bakin ruwa ko daji ko kan dutse su ga kimiyya da idonsu.

Masu cewa a fita suna da hujja mai ƙarfi. Haziƙin yaro shi ya fi saurin gajiya da hadda, domin abin da malami zai yi mako yana maimaitawa ya riga ya kama tun ranar farko. Abin da ke riƙe hankalinsa shi ne tambayar da babu amsarta a bayan littafi. A kai shi madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974, sannan a gangara da shi fadamun Haɗeja da Nguru ya ga yadda ciyawar kachala ta toshe magudanan ruwa. Zai tambayi dalili, a nan ne zai gane cewa tare kogi a Kano ya sauya yadda ambaliya ke zuwa da janyewa a can ƙasa, kuma ruwan da ba ya ƙafewa da rani shi ne abin da kachala ke so. Darasin tsirrai da na ruwa da na rayuwar masunta da manoman shinkafa duk sun haɗu a yini guda. A fadamun kuma, da hunturu, zai ga tsuntsayen da suka ƙetaro Sahara daga Turai. Gani ya kori ji.

Sai dai uban da ya ƙi sa hannu a takardar izini ba jahili ba ne. A Disambar 2020 an kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara, a Fabrairun 2021 aka shiga ta Kagara. Gaskiya ne daga ɗakunan kwanansu aka ɗauke su, ba a hanyar ziyara ba, amma wanda ya ga haka ta faru a cikin katanga ba zai yi marmarin jin an doshi daji da ɗansa ba. Manya ma ba su tsira ba: a 2017 an yi wa tawagar masu binciken man fetur kwanton ɓauna a yankin Magumeri, cikinsu har da ma'aikatan Jami'ar Maiduguri. Ga hatsarin hanya, ga ruwan da ke cin yara, ga tsargiya da ake kwasa a gefen madatsu inda katantanwa ke yawa.

Akwai kuma ƙorafin da ba a cika faɗa a fili ba. Yawancin abin da ake kira ziyarar ilimi yawon buɗe ido ne kawai. A tara kuɗin mota daga iyaye, a yi awanni a hanya, a yi wanka a ruwan ɗumin Wikki da ke Yankari, a ɗauki hotuna, a dawo. Ba wanda ya tambayi dalilin da zafin ruwan ke tsayawa wajen digiri 31 rani da damina. Ɗan talaka da ya shiga makarantar da ƙoƙarinsa kuwa, shi ake bari a ɗakin kwana saboda babu kuɗin, kuma in an tashi rage mutane daga 'yan mata ake farawa.

Matsayinmu shi ne a fita, amma a fara da kusa. Ɗaliban Bamaina suna maƙwabtaka da duwatsun Birnin Kudu masu zanen mutanen da, na birnin Kano suna da Dutsen Dala, inda aka yi narkar da tama tun kafin a gina ganuwa. Ko bayan makaranta ma fili ne na bincike. Yarinya ta ɗebo ƙasar fadama a kwalba, ta zuba ruwa ta girgiza, ta ajiye: yashi zai fara kwanciya, laka ta biyo, yumɓu ya daɗe yana yawo a sama. Ta gwada da ƙasar jigawa, ta rubuta bambancin, ta je ta tambayi manomi me yake shukawa a kowace. Wannan ba ya cin man fetur.

Tafiya mai nisa kuma a yi ta da sharaɗi. A je da rana a dawo da rana, bayan an tuntuɓi jami'an tsaro da masu unguwannin wurin, a guji duk hanyar da ake shakka a kanta. Kowane ɗalibi ya tafi da tambaya da littafin rubutu, ya dawo ya kawo rahoto a ba shi maki kamar jarabawa. Kuɗin ya fito daga kasafin ma'aikatar ilimi, ba daga aljihun iyaye ba. Tun da dukiyar jama'a ake kashewa a kan waɗannan zaɓaɓɓu, a ɗora musu nauyin zuwa makarantun jeka-ka-dawo da ke kusa, su nuna wa takwarorinsu abin da suka gano.