'Yar Tsana Ba Ta Cewa A'a

Jama'a, yau ƙorafi na zo muku da shi. Na jima ina bibiyar yadda marubuta da masu zane na Jamus da Ostiriya suka shafe sama da shekara ɗari suna shagala da 'yar tsana, kuma duk inda na leƙa sai in tarar manazarta na ta yabo, wai falsafa ce mai zurfi a kan rai da mutuwa. Ni kam ban yarda ba. Abin da na gani shi ne maza masu neman macen da ba ta da baki, da suka rasa ta a cikin masu rai sai suka ƙera abarsu.

Mu fara da labarin Der Sandmann na E.T.A. Hoffmann, wanda ya fito a 1816. Wani ɗalibi, Nathanael, yana da budurwa mai hankali, Clara, wadda ke gaya masa gaskiya in ya fara sambatu. Sai ya juya mata baya ya koma wa Olimpia, 'yar wani farfesa. Yakan zauna ya yi ta karanta mata waƙoƙinsa, ba ta hamma, ba ta musu, sai ajiyar zuciya kawai. Gogan naku ya ce ai ba wanda ya fahimce shi kamarta. Ashe inji ce! Hoffmann ya gano cutar, shi ya sa ya ce bayan asiri ya tonu, samarin garin suka riƙa neman 'yanmatansu su ɗan yi kuskure a rawa da waƙa, don su tabbatar ba katako suke so ba.

To, amma da Sigmund Freud ya zo sharhin labarin a 1919, sai ya ture Olimpia gefe, ya ce tushen firgicin shi ne tsoron rasa idanu, wanda ya danganta da tsoron da yaro ke yi kada a dandaƙe shi. Kun ji fa. Labarin da ya tona wa namiji asiri, an sake mayar da shi kan damuwar namiji, matan suka zama 'yan rakiya.

Wanda ya fi ba ni haushi shi ne mai zane Oskar Kokoschka. Bayan sun rabu da Alma Mahler, a 1918 ya sa wata mai sana'ar 'yan tsana a birnin Munik, Hermine Moos, ta haɗa masa 'yar tsana daidai girman Alma, yana ta aika mata wasiƙu kan yadda yake son fatar jikin ta kasance. Da ta iso a 1919 ya ga ba haka ya so ba, duk da haka ya yi ta zana ta, daga ƙarshe ya tara abokai aka yi shagali, ya fille mata kai. Alma kuwa tana nan da ranta, tana gidan mijinta Walter Gropius. Da wani maƙwabcinka ne ya yi wa tsohuwar budurwarsa haka, wane suna za ka ba shi?

Sai Hans Bellmer, wanda ya ƙera tasa a 1933, ya riƙa kwance gaɓoɓinta yana sake haɗawa yana ɗaukar hoto. Masu kare shi na cewa bore ne ga 'yan Nazi. Na ji. Amma me ya sa jikin yarinya ne zai biya kuɗin boren? A 1958 kuma abokiyar zamansa, marubuciya Unica Zürn, ita ya ɗaɗɗaure da zare ya ɗauka hoto. Daga katako an tsallaka zuwa tsoka.

Kada a ce na yi kuɗin goro. Maƙalar Heinrich von Kleist ta 1810 a kan 'yan tsanan da ake kaɗawa da zare, maganar motsi da sanin kai take yi, ba ruwanta da wannan. Mata irin su Hannah Höch da Lotte Pritzel ma sun ƙera nasu. Kuma da Rilke ya yi rubutu kan na Pritzel a 1914, abin da ya dame shi shi ne shirun 'yar tsana, yadda yaro ke ba ta komai ba ta mayar masa da ko kalma. Shirun da Rilke ya tsana, shi waɗancan suke bege.

Abin bai tsaya a ɗakin zane ba. A 1955 aka fito da Bild Lilli a Jamus, wadda da farko manyan maza ke saya don raha. Ita Ruth Handler ta gani ta kwaikwaya, Barbie ta fito a Amurka a 1959, aka miƙa wa yara mata.

Ban ce a daina karanta su ba, a karanta, amma a kira abu da sunansa. Ni dai yanzu duk littafin da na buɗe, ko na wace ƙasa ne, tambayata ɗaya ce: wannan tauraruwar da ake ta kwarzanta idonta da gashinta, an ba ta bakin cewa a'a kuwa? In ba a ba ta ba, to Olimpia ce aka sake wa suna.