Yaro Mai Yawan Tambaya Ba Fitinanne Ba Ne

A shekarar 1958 wani masanin halayyar ɗan Adam ɗan ƙasar Amurka mai suna Paul Torrance ya shiga makarantun firamare biyu a jihar Minisota, ya soma yi wa yara wata irin jarrabawa da ba a saba gani ba. Ba hadda ake tambaya ba. Sai a miƙa wa yaro abin wasa a ce ya faɗi yadda za a gyara shi ya fi daɗi, ko a ce ya lissafo abubuwan da za a iya yi da gwangwani, ko a zana masa da'irori ya mai da su hotuna. Abin da ake aunawa shi ne baiwar ƙirƙira, wato iya fito da abin da ba a riga an koya wa mutum ba.

Bawan Allah nan bai tsaya nan ba, ya bi sawun yaran har suka zama magidanta, kuma bayan mutuwarsa a 2003 almajiransa suka ci gaba har binciken ya cika shekara 50. A 1999 wani masani, Jonathan Plucker, ya sake duba sakamakon, ya ga wannan jarrabawa ta fi gwajin kaifin basira da aka saba nuna wanda zai ƙirƙiro wani abu idan ya girma, nesa ba kusa ba. An buga ta a 1966, an fassara ta cikin harsuna fiye da 30, har yau masana na aiki da ita.

To amma abin da ya kamata ya tsayar da 'yan uwa shi ne wannan: Torrance ya gano cewa malamai sun fi son yaro mai shiru da bin umurni a kan mai tambaya da ƙarfin halin faɗin ra'ayinsa, kuma baiwar yara da yawa kan dusashe wajen aji huɗu. Ke nan makarantar da aka gina don ta raya hankali ita ke danne shi.

Wannan cuta ba ta Amurka kaɗai ba ce. Ɗalibi nawa ne a makarantun boko da na Islamiyya ya ce "Malam, don me?" aka amsa masa da bulala, aka kira shi fitinanne? Alhali Alƙur'ani cike yake da kira zuwa ga tunani da amfani da hankali, kuma Sahabbai maza da mata sun yi ta tambayar Manzon Allah (S). Ladabi daban, mutuwar zuciya daban. Yaron da aka horar kada ya tambayi malami, gobe ba zai tambayi azzalumin shugaba ba.

Sai dai kada a ruɗu. Jarrabawar Torrance tana auna baiwa ne, ba ta auna inda aka fuskantar da ita. Hankalin da ya ƙirƙiro magani, irinsa ne ya ƙera bam ɗin da aka jefa wa Hiroshima a 1945. Baiwa ba taƙawa wuƙa ce a hannun mahaukaci, taƙawa ba tunani kuwa takan bar al'umma tana jiran abin da wasu suka ƙera.

Saboda haka nauyi yana kan iyaye da malamai su haɗa wa yara biyun. In yaro ya yi tambaya a saurare shi, in ba a san amsa ba a ce "Allahu a'alamu", a je a bincika tare. Allah ya shiryi zuriyar Musulmi, ya buɗa masu basira.