Kafin a Hana Ta Itace

A farkon shekarar 2024 gwamnatin Jigawa ta sanar da haramta sare itatuwa domin itacen girki da gawayi. Duk wanda ya bi hanyar Kazaure zuwa Roni da Gwiwa, ko ya nausa Babura har bakin iyakar Nijar, ya san dalilin. Dazuzzuka sun yi sharar gona, Jigawa kuma tana cikin jihohi 11 da ke fuskantar kwararowar hamada. Ba ni da ja a kan kare bishiya. Inda nake da ja shi ne yadda mu 'yan boko muka ɗora laifin a kan macen da ke hura wuta a unguwannin awon igiya da ke gefen garin Kazaure, kamar don taurin kai ta ƙi gas.

Ita ce farkon wadda hayaƙin yake cutarwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar cikin gida ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 3.2 a shekarar 2020. A gidan haya mai ɗakuna a jere, inda madafa ba ta da taga, ko da damina da ake shigar da murhu ɗaki, uwa da ɗan da ke goye a bayanta su ke shaƙar mafi yawansa. Ba ta bukatar taron wayar da kai kafin ta san idonta na yaji, ɗanta na tari. Abin da ya hana ta sauyawa lissafi ne, kuma lissafinta daidai ne.

Itace ana sayar da shi gwargwadon aljihu. Maigidan da ke fita nema kullum zai iya ba da kuɗin ɗaurin da zai dafa tuwon dare kawai, gobe Allah ya kawo wani. Gas kuwa yana neman kuɗi a dunƙule: tukunya, kan murhu, sannan ɗuri. A 2024 ɗurin tukunya mai kilo 12.5 ya haura naira 14,000, a shekarar da aka mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000, albashin da leburan kasuwa da mai tura baro ba su ma ganinsa. Gas ɗin ma daga kudu ake ɗauko shi a tankoki, kuɗin mota kuma ya hau kansa tun bayan cire tallafin fetur a watan Mayun 2023. Kananzir, wanda a da yake tsani tsakanin itace da gas, ya fi ƙarfin talaka tun da aka janye tallafinsa a 2016. Risho ya koma ƙarƙashin gado.

To me gwamnatoci suka yi? A watan Nuwamban 2014 majalisar zartarwa ta tarayya ta amince da kashe naira biliyan 9.2 don sayen murhun zamani 750,000 a raba wa mata. Shirin ya ƙare cikin taƙaddama da zuwa kotu. A 2021 aka ƙaddamar da shekaru goma na gas, a 2024 aka amince da manufar ƙasa kan girki mai tsafta. Takardu sun yi kyau. Amma salon bai sauya ba: a kafa rumfa, a jera mata, a ɗauki hoto, a watse. Ran da gas ɗin kyauta ya ƙare, duwatsu uku su dawo wurinsu. Indiya ta ga haka a shirinta na Ujjwala da ta fara a 2016: an raba tukwane ga miliyoyin gidaje, amma da yawansu suka kasa sake ɗuri a kai a kai.

Indunisiya ta bi wata hanya tun 2007. Ta ƙera ƙaramar tukunya mai kilo 3, ta raba ta tare da murhu, ta sa tallafi a kan ɗurin, ta kai shi shagunan unguwa. Gidaje fiye da miliyan 50 suka bar kananzir. Tallafin ya ci wa ƙasar kuɗi mai yawa, wannan gaskiya ne. Darasin dai shi ne sun auna abin da talaka ke iya fitarwa a rana, suka yanka hajar daidai da shi.

Za a ce Jigawa ba ta da aljihun Indunisiya. Haka ne, amma akwai abin da take iyawa. Jiha da ƙananan hukumomin Kazaure, Roni, Gwiwa da Babura za su iya tsaya wa dillalai su ba da aron tukwane, a riƙa biya kaɗan-kaɗan ta ƙungiyoyin adashin mata. Za su iya ware filaye a sababbin unguwanni don shagunan ɗuri masu lasisi, maimakon na cikin lungu kusa da mai suyar ƙosai. Ga gidan da gas bai kai gare shi ba tukuna, ingantaccen murhu mai cin itace kaɗan ko kara ya fi babu. Maƙeranmu sun ƙera murhun Abacha lokacin da kananzir ya yi wuya, ba tare da kwangila ba. Kwalejin Fasaha ta Hussaini Adamu da ke Kazaure za ta iya aiki da su a fitar da murhun da zai ɗauki tukunyar tuwon mutum goma sha biyar, ya jure tuƙi da muciya. Murhun da ke kifewa in ana tuƙi, kowace mace za ta ajiye shi.

Mu da muke kunna gas da ɗan yatsa muna kuma sayen buhun gawayi duk lokacin da farashi ya tashi, da itacen biki mota guda. Don haka mu rage wa'azi. Idan ɗan majalisa ko shugaban ƙaramar hukuma ya zo da maganar rabon murhu, mu tambaye shi nawa ne ɗuri na biyu, a ina za a yi shi, wa zai biya. Dokar hana sare itace ba za ta yi tasiri ba sai an amsa waɗannan, domin ko da doka ko babu, yara za su ci tuwo da dare.