Sirace: Tsadar magani ta dawo da tukunyar ganye cikin gidaje

Da zarar iskar hunturu ta fara kaɗo ƙura daga hamadar Sahara, mura da toshewar hanci sukan zama ruwan dare a garuruwan Arewa. Maganin da gidaje da yawa ke fara nufa shi ne sirace: a tafasa ganyen darbejiya ko na bishiyar turare, a ƙara citta da kanumfari ko tazargade, mutum ya lulluɓa da bargo yana shaƙar tururin.

Al'adar tsohuwa ce, amma abubuwa biyu sun ƙara mata kasuwa. Na farko annobar korona, lokacin da marigayi Shugaban Tanzaniya John Magufuli ya riƙa kwaɗaita wa jama'arsa sirace, duk da cewa babu hujjar yana kashe ƙwayar cutar. Na biyu tsadar magani, wadda ta tsananta bayan faɗuwar darajar Naira a 2023, shekarar da kamfanin GSK ya sanar da rufe harkokinsa a Najeriya. Ma'aikacin da albashinsa ba ya kai shi ƙarshen wata zai fi son ganyen da ke ƙofar gidansa.

Tururi yana jiƙa hanci, majina ta yi laushi, mutum ya ji sa'ida na ɗan lokaci. Sai dai ba ya kashe ƙwayar mura, wadda kan tafi da kanta cikin kwana 7 zuwa 10. Wani bincike da Jami'ar Southampton ta Ingila ta fitar a 2016 ya gano cewa ga masu daɗaɗɗiyar toshewar hanci, wanke hanci da ruwan gishiri ya fi sirace amfani.

Haɗarin yana cikin tukunyar. A 2020 likitocin asibitin yara na Birmingham sun ba da rahoton ƙaruwar yaran da suka ƙone wajen sirace. Yaro ya motsa cikin bargo, tafasasshen ruwa ya kife masa a cinya. Masu asma kuwa, ƙamshin kafur ko man zafi na iya tayar musu da ciwon. Wanda ya shigar da garwashi ƙarƙashin bargo yana shaƙar iskar gawayi mai kisa ba tare da ya sani ba.

Babbar asarar ita ce jinkiri. Tarin da ya kai mako 2 yana iya zama tarin fuka, cutar da Najeriya ke kan gaba da ita a Afirka, kuma gwajinta da maganinta kyauta ne a cibiyoyin gwamnati. Zazzaɓi da sanƙarewar wuya alamar sanƙarau ce, numfashi sama-sama ga jariri kuma yana iya zama ciwon huhu. Babu ganyen da zai tsayar da waɗannan.

Babba mai mura zai iya yin sirace idan ya sauke tukunya daga wuta, ya bar ruwan ya ɗan huce. Ƙananan yara kuwa, ɗigon ruwan gishiri a hanci da yawan shan ruwa sun fi musu aminci. Idan ciwo ya ƙi sauƙi, asibiti ya kamata a nufa.