MOTA DA HANYA: Zafin buwat otomatik a rairayin Gure

A wannan mako za mu karkata akalarmu zuwa gabas, ƙasar Gure, inda a watannin Afrilu da Mayu zafin rana kan haura digiri 40 ko a cikin inuwa. Maganar da ke tafe da mu ita ce ta ƙananan motocin ɗaukar kaya masu shan gazuwal, irin su Hilux, musamman waɗanda akwatin giyarsu, wato abin da makanikanmu ke kira buwat, yake canza giya da kansa.

Duk wanda ya san yankin ya san kwalta guda ce ta ratsa shi: hanyar ƙasa mai lamba 1, wadda ta taso daga Yamai ta biyo ta Damagaram, Mirya, Gidimuni da Gidigir, ta iso Gure bayan kimanin kilomita 160 daga Damagaram, sannan ta zarce Gudumariya, Maine-Sorowa, Difa da Gigimi. Da an sauka daga kanta sai rairayi. Mai zuwa Kelle ko Tasker a arewa, da mai zuwa Bune a kudu, da mai shiga kwarurrukan da ake haƙar kanwa ake noman dabino, duk tudun yashi ne a gabansu. Nan ɗan kasuwa ke bi da hatsinsa da bisashensa, nan kuma ma'aikaci ke bi da allurar rigakafi, da kayan makaranta, da marar lafiyar da ake gaggawar kaiwa asibiti.

A da, wannan aiki na motoci masu giyar hannu ne. Amma zamani riga. Hilux ɗin da ya fito a 2015 ya zo da samfuri mai giya 6 na otomatik, har ma Land Cruiser 70, wadda aka fi sani da giyar hannu, a ƙarshen 2023 kamfanin Toyota ya fitar da ita da injin gazuwal mai lita 2.8 da buwat otomatik. Su kuma motocin hannu da ake shigo da su, da yawansu haka suke zuwa. Gazuwal ɗin ma a gida ake tace shi tun da aka buɗe matatar SORAZ kusa da Damagaram a 2011. Saboda haka ko mun so ko mun ƙi, motocin nan sun zama namu, ya kuma zama wajibi mu san halinsu. Babban halin nasu kuwa shi ne: abin da ya fi kashe buwat otomatik zafi ne, kuma yawancin zafin nan daga ƙafar direba da umarnin mai mota yake fitowa.

Daga ina zafin ke tasowa?

A mota mai giyar hannu, da direba ya ɗage ƙafa daga kuloci, inji da buwat sun ƙulle, ƙarfe ya kama ƙarfe. A otomatik kuwa, tsakanin su biyun akwai wani ƙoƙo na ƙarfe mai siffar ƙwarya biyu da aka kife ɗaya bisa ɗaya, cike da jan mai. Bari mu kira shi ƙwarya. A cikinta akwai farfela biyu suna fuskantar juna. Inji na juya ta farko, ita kuma tana watsa mai da ƙarfi a kan ta biyu, ta biyun ta juya ta tura mota. Ke nan mai ne ke ɗaukar ƙarfin inji ya kai shi ga tayu.

To, muddin farfelar farko ta fi ta biyu gudu, ratar da ke tsakaninsu zafi take komawa. A kan kwalta, idan mota ta miƙe, akwai wani ƙaramin kuloci a cikin ƙwaryar da ke ɗaure farfelun biyu wuri guda, sulɓi ya ƙare, mai ya huce. Amma a cikin rairayi, da kaya niƙi-niƙi, mota na jan ciki, kulocin nan a sake yake, mai kuwa sai dakuwa yake yi kamar fura a turmi. Mafi muni shi ne in mota ta kafe, tayu sun cije, direba na ta taka totur: a wannan hali duk ƙarfin da inji ya fitar, kaf ɗinsa, zafi yake zama a cikin ƙwarya. Shi ya sa littattafan gyara suka hana makanike riƙe mota a haka fiye da daƙiƙa 5 zuwa 10, ko da gwaji yake yi. Mu kuwa sau nawa muka ga ana yin haka na tsawon mintoci a gindin tudu, karen mota na tura, fasinja na ihu?

Man buwat ya fi jin daɗin aiki tsakanin digiri 80 da 95. In ya haura 120 sai ya soma ƙonewa, ya yi baƙi, ya bar dauɗa mai danƙo a cikin ƙananan hanyoyinsa, robobi su bushe, faya-fayen kuloci su soma sulɓi, sulɓin kuma ya ƙara wani zafin. Masana harkar mai suna da wani ƙiyasi: duk ƙarin digiri 10 bisa ƙa'ida yakan rage rabin kwanakin mai. Abin da ke ruɗin direbobi shi ne injin gazuwal ba ya kuka. Yana da ƙarfi tun daga ƙasa, yana ja ba tare da ya nuna gajiya ba, allurar zafi da ke gaban direba kuma tana tsaye a tsakiya. Amma allurar nan ruwan inji take aunawa. Ba ta san abin da man buwat ke ciki ba.

Abin da ke hannun direba

Na farko, giyar ƙarfi. Motar kat-kat tana da H4 da L4. Direbobi da yawa na ƙyamar L4, wai tana shan mai, wai ta ragwaye ce. Alhali kuwa L4 na ninka ƙarfin da ke zuwa tayu kusan sau biyu da rabi, ta sauke ma ƙwarya nauyi, sulɓi ya ragu. A sa ta kafin a shiga rairayi mai zurfi, mota na tsaye, giya na kan N. Wanda ya bari sai ya nutse sannan ya tuna da ita, ya makara.

Na biyu, iskar taya. Taya mai tauri tona yashi take yi, mai sassauci kuwa shimfiɗuwa take yi a kansa kamar tafin raƙumi. A rage iska zuwa wajen kilo ɗaya da rabi, gwargwadon nauyin kaya, a kuma mayar da ita da zarar an hau kwalta, domin taya mai ƙarancin iska in ta yi gudu da kaya fashewa take yi. Wannan na nufin famfon iska ya zama cikin kayan tafiya.

Na uku, in aka ji buwat na kai da kawowa tsakanin giya biyu, ta hau ta sauko, ta hau ta sauko, a karɓe ragamar daga hannunta, a tsayar da ita a 3 ko 4. Kowane canji sulɓi ne. Haka nan kada a riƙe mota a kan hawa da totur, aikin birki ne. In an kafe kuma, a daina jefa giya daga D zuwa R tayu na juyawa. A sauko, a tone, a rage kaya, a shimfiɗa abin takawa. Sannu ba ta hana zuwa.

Na huɗu, fitilar gargaɗi. A motocin Toyota takan nuna A/T OIL TEMP, ko hoton giya da ma'aunin zafi. In ta kama, a tsaya a wuri mai tauri, a sa giya a P, a bar inji yana aiki a hankali har ta mutu. Kada a kashe inji. Famfon da ke zagaya da mai zuwa wurin huce shi inji ne ke juya shi, in an kashe, man ya tsaya cik a cikin ƙwarya mai zafi yana dahuwa.

Na biyar, lokaci. Mutanen da, masu fatauci da raƙuma, da asuba da yamma suke tafiya, su yi ƙailula da rana tsaka. Da safe yashi ya fi tauri, iska ta fi sanyi. Tudun da mota za ta haye cikin sauƙi da ƙarfe 6 na safe, shi ne zai ba ta wuya da ƙarfe 2 na rana.

Abin da ke hannun makanike

A yawancin motocin nan, man buwat na hucewa ne ta hanyar ruwan radiyata. Ke nan in radiyata ta toshe, buwat ma ta shiga uku. A ƙasar Gure abokan gabanta biyu ne. Daga waje, ƙura da ƙarangiya da ɓurɓushin ciyawa da ke cushewa tsakanin haƙoranta, musamman bayan damina. A riƙa hure su da iska daga baya zuwa gaba. Daga ciki kuma, ruwan rijiya mai kanwa da ake ɗura mata, wanda ke barin farar ƙasa a bututunta yana cin ƙarfe. In ya huda bututun mai, ruwa ya shiga buwat, sai a ga man ya koma kamar madara. Wannan mota ba ta ƙara ko taku ɗaya sai an gyara. Manyan fitilu da ƙarafan ado da ake jerawa a gaban mota su ma tare iska suke yi, manyan tayun da suka wuce na asali kuma ƙara ma ƙwarya aiki suke yi.

Ga motar da rairayi ne abincinta kullum, yana da kyau a ƙara mata wata ƴar radiyata ta mai a gaba, inda iska ke bugawa, man ya bi ta cikinta bayan ya fito daga ta asali. Sai dai a sa tiyo na ƙwarai a ɗaure shi tamau, don man da ya tsiyaye bisa salansa mai zafi gobara ce. Akwai kuma ƴar na'urar da ake soka ma mota a ƙarƙashin sitiyari, ta nuna zafin man buwat a wayar hannu. Kuɗinta bai kai na taya guda ba.

Batun mai kuwa, kowace buwat da nata. Sababbin Toyota man WS suke sha, waɗanda suka girme su T-IV ko Dexron. Launinsu ɗaya amma kaurinsu daban, kuma jabu ya yi yawa a kasuwa. Araha ba ta ado. Yawancin sababbin ba su da sandar awo, ana duba cikarsu ne ta wata ƙusa a ƙasa, inji na aiki, man na wajen digiri 40. Wanda ya ɗura da ka, ko ya gaza ko ya zarce, duka biyun kuwa kumfa suke kawowa, kumfa kuma ba ta ɗaukar ƙarfi. A sani cewa juyewa sau ɗaya ba ta fitar da ko rabin man, saura na cikin ƙwarya. Masu cewa man nan na har abada ne, su duba littafin motar: akwai jadawali na dabam na aiki mai tsanani, wato ƙura, zafi da kaya mai nauyi, wanda shi ne aikinmu na yau da kullum. Shawararmu ita ce a canza shi tsakanin kilomita 40,000 da 60,000, ko kuma duk ranar da aka ji yana warin ƙuna.

Abin da ke hannun mai mota

Nan ne gizo ke saƙa. Ƙaramar motar ɗaukar kaya an yi ta ne don kimanin tan guda, har da direba da fasinja. Buhun hatsi 10 masu kilo 100 sun cika tan. Ganga guda ta ruwa kilo 200 ce. To, Alhaji, in aka ɗora buhu 15, aka ɗaure tumaki a sama, mutum 10 suka zauna bisa kaya ranar kasuwar Subdu ko Gidigir, wa za a zarga in buwat ta ƙone? A yi lissafi: ribar buhu biyar ɗin nan, da kuɗin wata buwat da za a aika neman ta Ƙofar Ruwa a Kano ko Yamai, da makwannin da mota za ta yi a kan duwatsu ba ta shigo da ko dala. Garin neman ƙiba ake samo rama.

Ku ma shugabannin ma'aikatu da na ayyukan raya karkara, maganar ta shafe ku. Motar aiki dukiyar jama'a ce. Ana ware kuɗin gazuwal da baƙin mai, a mance da man buwat. Ana bata lokaci a buro har hantsi ya dubi ludayi, sannan a ce ma direba lalle a kwana Tasker. In fitila ta kama ya nemi tsayawa, a ce ya cika tsoro. Direban da ya tsaya minti 20 don mai ya huce ya ceci motar hukuma, yabo ya kamace shi.

A tuna kuma, otomatik ba ta tashi da turi. Jan ta da igiya mai nisa, inji a kashe, tayu a ƙasa, lalata buwat yake yi, sai an kwance sandunan da ke kai ƙarfi ga tayu ko a ɗora ta bisa babbar mota. A cikin birni wannan asarar kuɗi ce kawai. A tsakanin Gure da Tasker kuwa, cikin bazara, inda rijiya ke da nisa waya kuma ba ko'ina take kamawa ba, magana ce ta rai, ta direba da ta duk wanda ya ɗauko. Don haka kada a fita ba tare da isasshen ruwan sha, da shebur, da litar man buwat biyu ko uku ba, a kuma sanar da wani hanyar da za a bi da lokacin isa.

Motar ta ɗauke ma direba wahalar canza giya, amma auna kaya, da zaɓen lokaci, da sanin inda za a tsaya, suna nan a wuyanmu. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

A mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba batun matatar gazuwal da ruwan da ke shiga tanki. Allah ya kiyaye hanya, ya kai kowa gida lafiya.